HPV pozitif: a ina anka gan ta, a baki, a dubura ko a bakin mahaifa?

Wata Laraba bayan la'asar yayata ta turo mini hoton wata takarda ta WhatsApp, ko sallama babu, sai "ƙanena duba mini wanga abu". Takardar labo ce ta wata ƙawarta da sunka yi zaman unguwa ɗaya a Zariya, ta yi awon ne lokacin da ta je Yamai wajen ɗiyarta, an rufe sunan da ɗan yatsa. Layi guda ne ya tada hankalin gidan gaba ɗaya: HPV, pozitif. Ban gama karantawa ba ta bugo. Ta ce kai da ka yi karatun labo ka gaya mini gaskiya, kanser ce ko? Baiwar Allah nan kwana biyu ba ta sa komi a baki ba, kuma ta daina ma kishiyarta magana, ta ce ita ta kawo masu ciwo gida. Na ce Yaya a yi haƙuri, tambaya guda gare ni tukuna, daga ina anka ɗebi abin da anka auna? Ta ce to jini mana, ba jini ake aunawa ba?

Ba jini ba ne. Mun saba da sida da ciwon hanta da masassarar cizon sauro, a soki yatsa ko a ja jini a hannu a ba ka rezilta, shi ya sa duk wanda ya ji "analiz" jini ke zo mashi a rai. Ita wagga ƙwayar cuta, HPV, ba ta yawo cikin jini. A fata take zama, da irin lallausar fatar nan mai danshi da ta shimfiɗe cikin baki da maƙogwaro da gaban mace da dubura. Inda ta sauka nan take zamanta. Saboda haka in ana son a gan ta dole a je wurin a shafo, kuma abin da anka samu a wuri ɗaya ba shi ba da labarin ɗaya wurin. Mace na iya zama pozitif a bakin mahaifa, bakinta kuwa tas.

HPV ba abu ɗaya ba ne, dangi ne, sun wuce 200, an ba kowane lamba. Mafi yawansu ba ruwansu da kowa, iyaka su fiddo ma yaro ɗan tsiron nama a hannu ko a ƙafa ya bushe ya faɗi da kanshi. Wajen 40 ne ke bin hanyar saduwa. Cikinsu akwai 6 da 11 masu fiddo tsiro a al'aura mai kama da zankon zakara, abin ƙyama da kunya amma ba su kai mutum ga kanser. Sai kuma wasu goma sha biyu zuwa sha huɗu da su ne ake tsoro, manyansu 16 da 18, waɗanda su biyu kaɗai ke da alhakin kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa a duniya. Wani Bajamushe Harald zur Hausen shi da mutanensa sunka gano lamba 16 cikin naman kanser a 1983, lamba 18 a 1984, lokacin da mafi yawan masana ke zargin wata ƙwayar cuta daban, sai a 2008 anka ba shi kyautar Nobel.

Abin da na fara gaya ma Yaya shi ne ƙwayar ta zama ruwan dare fiye da yadda ake zato. A ƙasashenmu na kudu da Sahara in ka auna matan da lafiyarsu lau, ba abin da ke damunsu, kusan ɗaya cikin huɗu za ka same ta da ita. Maza ma wani babban lissafi da anka fitar a 2023 ya nuna kusan ɗaya cikin uku a duniya shina ɗauke da aƙalla iri ɗaya. Kuma cikin kamuwa goma, tara jiki ne ke share su da kanshi cikin shekara biyu, ba magani ba allura, mai ita bai ma san ta zo ta wuce ba. Wadda ake nema ita ce wadda ta ƙi tafiya.

Ka ɗauke ta kamar gara. Ganin gara a tsakar gida ba shi ne rushewar soro ba, gida nawa ne a Maradi babu gara? Amma in ta samu azara ta zauna shekara da shekaru ba wanda ya duba, wata damina sai ka ji rugum. Idan HPV mai haɗari ta daɗe a wuri, tana da wasu sinadarai biyu, E6 da E7, masu lalata birkin ƴan ƙananan tubalan jikinmu da ake ce ma selil. Selil lafiyayye in ya lalace akwai mai gadi cikinsa, p53, da ke tsaida shi ko ya kashe shi, to E6 mai gadin nan take fara kawarwa. Daga nan selil ya yi ta haihuwa ba tsari. Abin ba shi da gaggawa ko kaɗan: ga mace mai ƙarfin garkuwar jiki shekara 15 zuwa 20 tsakanin kamuwa da kanser, ga wadda garkuwarta ta yi rauni, kamar mai sida da ba ta shan magani, 5 zuwa 10. Wannan tazarar ita ce duk dalilin yin awo. Shekarun nan ne ake son a kama abin cikinsu.

Yadda labo ke ganin ta kuwa, ba da madubin likita ba ne, ta yi ƙanƙanta, kuma ba ta shukuwa cikin kwano kamar yadda muke shuka ƙwayoyin fitsari ko na kashi mu dawo gobe mu ga abin da ya tsiro. Rubutun halittarta ake nema, ADN. Hanyar da ta fi yawa ita ce PCR. Misali a ba ka tiya guda ta rairayin Gulbi a ce akwai ƙwayar gero ɗaya ciki, nemo ta. Ba za ka iya ba. Amma in kana da injin da ba ya taɓa rairayi, gero kaɗai yake ninkawa, ɗaya ta koma biyu, biyu huɗu, huɗu takwas, in an cika zagaye 30 ƙwayar nan guda ta haura miliyar, ko makaho ya shafa ya ji. Aikin PCR ke nan. Injin GeneXpert da anka fi sani wajen awon majinar masu tarin fuka shina iya wanga aiki, kartush ɗin ne kawai daban, a zuba ruwan samfur a rufe a sa, cikin kamar awa guda ya fiddo amsa, har ya bambanta maka 16 daban, 18 da 45 tare, sauran masu haɗari a dunƙule. Akwai wasu injinan, cobas, careHPV, da Aptima wanda shi saƙon E6 da E7 yake nema maimakon ADN ɗin kanta.

Wani abu da ba a cika faɗa ma mutane ba: ingantaccen awo shina duba ko akwai selil ɗin mutum cikin abin da anka kawo. In auduga ba ta shafo komi ba, injin ba zai ce negatif ba, cewa zai yi samfurin bai yi ba, a sake. To in anka ce maki Hajiya ki dawo a sake ɗiba kar ki ce an raina maki hankali ko ana son ƙarin kuɗi, wannan ya fi a ba ki negatif na ƙarya ki tafi gida da murna.

A bakin mahaifa ne awon nan ya yi suna, kuma ya cancanta. Dalili kuwa wurin ne ya ba da haɗin kai. Akwai wani ɗan zobe a bakin mahaifa inda fata iri biyu sunka haɗu, ta waje da ta ciki, faɗinsa bai kai na kwabo ba, kuma kusan duk sankarar wurin daga zoben nan take tashi. Ungozoma ta sa spekulom, abin da ake buɗe gaban mace da shi don dubawa, ta haska fitila tana ganinsa da idonta, tana iya shafo shi, in ta ga ya fara canjawa tana iya ƙone shi nan take. Ga yarinya ƙarama zoben nan a buɗe yake, a waje, bai gama nuna ba, shi ya sa fara saduwa da wuri ke ƙara haɗari, haihuwa da yawa ma haka. Mu kuwa a Nijar kusan mace uku cikin huɗu kafin shekara 18 an kai ta ɗaki, kuma ba mu wasa da haihuwa. Ba ina faɗa don zargin iyayenmu ba ne, lissafin jiki ne kawai, kuma shi ya sa sankarar bakin mahaifa ke biye ma ta nono cikin masu kama matan ƙasar nan. A duniya a 2022 mata wajen 660,000 sunka kamu, wajen 350,000 sunka rasu, kusan dukkansu a ƙasashe irin namu.

Kafin awon ADN hanya biyu ake da su. Ta farko ta George Papanicolaou ce, wani likita Bagirke da ya yi aiki a Amurka, tun shekarun 1940: a shafo selil a shimfiɗa bisa gilashi a rina, ƙwararre ya zauna ya duba ɗaya bayan ɗaya. Ta ceci mata ba adadi a Turai, amma tana son ƙwararrun da mu ƴan kaɗan gare mu, kuma tana kuskure, sai an yi ta maimaitawa. Ta biyu ita ce wadda ungozomominmu sunka fi sani, IVA, a shafa ruwan binegar mai kashi 3 zuwa 5 a jira minti guda, inda ya fara lalacewa sai ya yi fari. Arha, amsa nan take, ba ruwanta da wutar lantarki. Aibinta guda, ta dogara ga idon mai dubawa, ungozoma biyu na iya duba mace ɗaya su saɓa. Awon HPV shi ba ya jiran sai bango ya nuna shatin gara, garar yake nema, kuma cikin mata goma da abin ya fara taɓawa shina kama fiye da tara. A Indiya an gwada hanyoyin nan cikin ƙauyukan gundumar Osmanabad, mata sama da 130,000, sakamakon ya fito a 2009: awon HPV sau ɗaya tak ya rage mutuwa daga wagga sankara da kusan rabi. Ƙauyuka fa, ba birnin Paris ba. Wannan binciken ne ya sa ni kaina na yarda abin zai iya aiki a Dakoro ko Mayahi.

Shi ya sa a 2021 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ce awon HPV shi ya kamata ya zama na farko, daga shekara 30, a maimaita bayan shekara 5 zuwa 10. Mai ɗauke da sida daga 25, kowace shekara 3 zuwa 5, don haɗarinta ya ninka na sauran mata sau shida. Mi ya sa ba a auna ƴar shekara 20? Don a shekarun nan ƙwayar ta cika yawa kuma ta cika wucewa da kanta, in ka auna za ka tara pozitif buhu-buhu, ka firgita amare a banza, ka ƙone bakin mahaifar da ba ta yi komi ba. Negatif ɗin awon nan shi ne abu mai tsada a gaskiya, mace ta samu negatif ta ajiye zancen shekara biyar cur.

Ga abin da nake ganin zai fi karɓuwa a wajenmu: mace na iya ɗibar samfurin da kanta. Da yawa abin da ke hana su zuwa ba kuɗi ba ne, kwanciyar nan ce a buɗe masu jiki, wata ma maigida ne zai ce in namiji ne lokotoron ba za ta ba. To a ba ta ɗan tsinke mai auduga ko ɗan burushi ta shiga makewayi, ta sa cikin gaba, ta juya shi ƴan daƙiƙu, ta maida cikin kwalba ta rufe. Ba sai ta taɓo bakin mahaifar ba, selil ɗin na zubowa da kansu. In da PCR za a auna, ingancinsa kusan ɗaya ne da na ungozoma. Abin lura kaɗan ne: ban da lokacin da jinin al'ada ke zuba sosai, kuma kwana biyu kafin nan a ɗan ajiye kayan matsi da tsarki da ruwan bagaruwa har ciki da maganin cusawa, kar a wanke abin da ake nema. Kwalbar ma kar a bar ta cikin rana bisa kabu-kabu da zafin watan Afrilu.

In ya fito pozitif sai mataki na biyu, a duba da binegar ko a ga lambar. In an ga fari kuma bai yi faɗi ba, akwai ɗan inji mai kai kamar kan ƙusa da ke zafi wajen digiri 100, a ɗora daƙiƙa 20 zuwa 30, shi ke nan, ba a sa barci ba a kwana likita, kuma ba shi hana haihuwa. In ya yi faɗi ko ya shige ciki a yanke shi da wata ƴar waya mai lantarki. Kwatanta wannan da wadda ta zo bayan shekara biyu tana zubar jini tana tambayar malam ko ta yi salla ko kar ta yi, ana ta ba ta maganin sanyi, ruwa mai wari ya fara zuba. Ita sai Yamai, cibiyar yaƙi da kanser ta ƙasa inda anka fara gashin haske a 2021, tafiyar sama da kilomita 600, ga masauki ga abinci ga mai jinya.

Dubura kuma. Nan ne mutane ke sunkuyar da kai, amma ciwo bai san kunya ba. Can ciki kaɗan akwai irin zoben nan na haɗuwar fata biyu, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na sankarar dubura HPV ce, mafi yawa lamba 16. Ɗibar ba wuya: a jiƙa tsinke mai kan auduga ta roba da ruwa, a tura shi ƴan santimita, a riƙa juyawa ana danna gefe ana fiddowa a hankali. Matsalar ba ɗiba ba ce, fassara ce. Sankarar dubura ba ta da yawa cikin jama'a, ita kuwa ƙwayar tana da yawa a wurin, musamman ga masu sida, har ta kai in ka auna su mafi yawa pozitif za su fito, to ka ga awon bai tace maka kowa ba. Wanda ya fito pozitif kuma sai an leƙa da wani madubi na musamman mai ƙara girma, aikin da ko a ƙasashen masu kuɗi masu iya shi ba su da yawa. An daɗe ana gardama ko ƙone tabon farko, wato wurin da ya fara lalacewa bai kai kanser ba, a dubura na da amfani, sai a 2022 wani bincike na Amurka mai suna ANCHOR, kan masu sida sama da 4,400, ya nuna magance tabon ya rage aukuwar sankarar da kashi 57 cikin 100. Tun daga nan ake ba da shawarar awon ga waɗanda haɗarinsu ya yi sama: masu sida da sunka manyanta, wanda anka yi ma dashen ƙoda, matar da ta taɓa yin sankara ko tabon farko a al'aura. Ba na kowa da kowa ba ne.

Abu biyu nake son a riƙe a nan. Na ɗaya, samun HPV a duburar mutum ba shaidar an zo mashi ta baya ba ne. Ga mace tsakanin gaba da baya tazarar yatsu nawa ce? Ruwan jiki, hannu, tsarki daga gaba zuwa baya, duk suna kai ta, kuma an sha samunta ga matan da ba su taɓa yin wancan abu ba, musamman masu lamba 16 a bakin mahaifa. Kar wani ya ɗauki takardar labo ya tafi da ita wajen alƙali. Na biyu, basir. A garin nan duk abin da ya fito ta baya basir ne, jini basir, ƙaiƙayi basir, ƙullutu basir, ga masu magani da lasifika a bakin kasuwa da tasha kowa da nashi ƙulli. Mafi yawan lokaci basir ɗin ne kuwa. Amma ƙullutu mai tauri da ba shi komawa, ko jinin da ya ƙi tsayawa wata da watanni, wannan yatsan likita yake so, safar hannu da minti biyu, kuma a halin da muke ciki wannan duban ya fi mana awon ADN na dubura amfani nesa ba kusa ba.

Na baki shi ya fi sauƙin ɗiba kuma shi ya fi ƙarancin amfani, abin kamar da gangan. A ba ka ruwan gishiri kamar cokali biyu, ka kurkure baki ka ɗaga kai ya kai maƙogwaro, daƙiƙa 30, ka tofa cikin kwalba. Da haka anka auna dubban mutane a Amurka a 2009 da 2010, anka samu kusan kashi 7 cikin 100 na da HPV a baki, maza kashi 10, mata ƙasa da 4, lamba 16 kuwa kashi 1 kacal. Sankarar da take kawowa ba a leɓe ko kan harshe take fitowa ba, can baya ne, gindin harshe da naman nan biyu na gefen maƙogwaro da likitoci ke ce ma amigdal, kusa da belun da wanzamai ke cirewa. A Amurka yanzu wajen kashi 70 cikin 100 na sankarar wurin HPV ce, a ƙasashen Afirka kasonta bai kai haka ba, taba da giya ne kan gaba, har da tabar da ake cusawa a leɓe.

To mi ya hana a riƙa yi ma kowa awon kurkura tun da ba kunya ba zafi? Amigdal ba shimfiɗaɗɗe ba ne kamar bakin mahaifa, ramuka ne da loko-loko, kuma can cikin ramukan abin ke farawa inda ido ba ya kai, ruwan kurkura ma ba lalle ya kai ba. Ba wani tabon farko da za a shafa ma binegar ya yi fari a ƙone. Ka ce ma mutum kana da 16 a baki, sai ya ce to a yi mini mi? Babu abin yi, babu maganin kashe ƙwayar, iyaka ka hana shi barci, alhali mafi yawansu cikin shekara guda ko biyu ta tafi. Shi ya sa har yau awon baki na masu bincike ne, ba a maida shi awon jama'a ba. Inda yake da amfani shi ne bayan an riga an ga ƙari an yanko nama, a duba ko HPV ce ta kawo shi, sau da yawa ta hanyar rina naman a nemi wata alama da ake ce ma p16, don sankarar maƙogwaro mai HPV ta fi jin magani bisa wadda taba ta kawo. Alamar da ta fi kawo mutane kuwa kaluluwa ce a wuya, marar zafi, ta yi sati uku huɗu ba ta sauka ba, ko ciwon maƙogwaro na gefe ɗaya har da kunne. A wajenmu kaluluwar wuya tarin fuka ma na kawo ta, ko wanne ne dai ba na shafa man zafi ba ne.

Maza kan tambaye ni, mu fa? Ba wani awon yau da kullum da anka tsaida ma namiji lafiyayye. Ana iya shafo fatar gabansa don bincike, amma yau pozitif wata uku negatif, ba ya gina komi. Kaciya na rage kamuwa, wannan mun samu a gado. Kwaroron roba na ragewa amma ba ya rufe duk fata. Rigakafi kuwa tun 2006 akwai shi, ana son a yi ma ƴan mata tsakanin shekara 9 da 14 kafin su san namiji, OMS ta amince tun 2022 allura guda na iya wadatarwa, maƙwabtanmu Najeriya sun sa shi cikin rigakafin ƙasa a Oktoban 2023. Sai dai ba ya korar wadda ta riga ta shiga, kuma ko mai kare iri tara bai haɗa da lamba 35 ba, wadda ta fi yawa ga matan Afirka bisa na sauran wurare. Don haka wadda anka yi ma allura ma in ta kai 30 awo na nan na jiranta.

Saura zancen kishiya, wanda a gaskiya shi ya fi damun Yaya bisa duk bayanin E6 da na yi ta zubawa. Takardar nan ba ta da kwanan wata. Injin na cewa akwai, ba ya cewa yaushe ta shigo balle ta hannun wa. Tana iya kwantawa shiru shekara goma, ashirin, ƙasa da abin da inji ke gani, ta taso lokacin da jiki ya yi rauni ko girma ya kama. A gidan da maigida ya auri bazawara, ya taɓa sakin wata, uwargida ita ma aurenta na biyu ke nan, duk ta halal, wa za ka nuna da yatsa? Ko mace ba ta taɓa sanin kowa ba sai mijinta tana iya samu, daga auren da ya yi kafin a haifi amaryar da ake zargi ma. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle wanda ilimin kansa ya ce ba shi iya tabbatarwa. Abin da ya dace da kishiyar shi ne ita ma a kai ta awo in shekarunta sun kai.

Na ce ma Yaya ta sake turo hoton, wannan karon har ƙasan takardar. 16 negatif, 18 da 45 negatif, layin sauran masu haɗari ne pozitif. Na ce ta rakata wajen ungozoma da takardar a hannu a yi mata duban binegar. Sun je ranar Litinin, ba a ga fari ba, anka ce ta dawo a sake awon HPV bayan shekara biyu, da mai sida ce da shekara guda za a ce. Na ce ta rubuta watan a bangon littafin awon yara don takarda guda ɓacewa take. Kishiyar shekararta 34, an ce za ta je bayan salla.

Da za mu ajiye waya na ce Yaya ke fa, arba'in da ɗaya, haihuwa bakwai, kin taɓa yi? Ta yi shiru, sannan ta ce kai dai ba ka da kunya, ni za ka tambaya wanga zance? Can kuma ta ce, wancan na tsinken da mace ke yi da kanta, ka bincika mini inda ake samu.